Suna Linzami Ne: Yadda Doka Ta Sauya Ƙamshin Turaren Shifar

Akwai wani ƙorafi da ya zama ruwan dare a bakin masu sha'awar turare, musamman waɗanda suka kwana biyu a duniya. Mutum zai sayi turaren da ya shafe shekara ashirin yana amfani da shi, kwali bai sauya ba, suna bai sauya ba, kuɗin ma ya ninka, amma da ya buɗe ya shaƙa sai ka ji ya ce, "Kai, wannan ba shi ba ne." A nan gida fassara biyu muke yi wa wannan lamari: ko dai an haɗa shi da jabu, ko kuwa hancinsa ne ya fara gajiya. Duka biyun suna faruwa. Sai dai akwai dalili na uku da ba kasafai ake kawo shi ba, wato turaren na asali ne, daga kamfanin asali ya fito, amma an sauya abin da ke cikin kwalbar ba tare da an sanar da mai saye ba.

Babu dangin turaren da wannan sauyi ya girgiza kamar wanda Faransawa ke rubuta sunansa chypre, su furta shi kusan kamar "shifar". Shi ne dangin da na fi ƙauna tun ina ɗalibin jami'a, kuma na daɗe ina bibiyar abin da dokokin Turai suka yi masa. Matsayina a kan batun shi ne, dokokin da suka taƙaita kayan haɗinsa suna da hujja mai ƙarfi, ko da yake sun jawo asara ta gaske. Abin da na kasa samar wa hujja shi ne shirun da kamfanoni ke yi, su sauya ciki su bar suna. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma da wannan linzamin ake jan mai saye zuwa ga abin da bai nema ba.

Mene ne shifar?

Kalmar ita ce sunan da Faransawa ke kiran tsibirin nan na tekun Bahar Rum da Larabawa ke ce wa Ƙubrus. A shekarar 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani mai haɗa turare ɗan Faransa, François Coty, ya fitar da turare mai suna Chypre. Sunan ya girmi turaren nasa, domin an daɗe ana sayar da hoda da turaruka masu wannan suna a Turai. Amma nasa ne ya yi tashen da har masu sana'ar suka mayar da shi ma'auni, duk turaren da aka gina a kan tsarinsa sai a ce ɗan gidan shifar ne.

Kafin a gane tsarin, sai an tuna cewa turare ba ya barin jiki gaba ɗaya lokaci guda. Wasu sinadaran ba su da nauyi, cikin 'yan mintoci sun bi iska. Wasu sukan yi sa'o'i, wasu kuma har washegari suna maƙale a wuyan riga. Gwanintar mai haɗawa, wanda Faransawa ke yi wa laƙabi da "hanci", ita ce ya jera su yadda kowanne zai miƙa wa na bayansa. A shifar, abin da ke fara yi maka sallama shi ne bagamot, wani lemo mai ɗaci da ake nomawa a yankin Kalabiriya na kudancin Italiya, wanda duk mai shan shayin Earl Grey ya san ƙamshinsa. Daga nan sai furanni irin su wardi da yasmin su karɓa. A can ƙasa kuma akwai abubuwa uku masu nauyi.

Na farko labdanum, wani danƙo mai ƙamshin ambar da ke tsattsafowa daga ganyen wani ƙaramin itace na ƙasashen Bahar Rum. A zamanin da, makiyayan Ƙubrus daga gemun awakinsu suke taje shi bayan an dawo kiwo. Yau mafi yawansa daga Sifaniya yake zuwa. Na biyu fachuli, ganye ne da ake busarwa a tatsi mansa, kuma Indunusiya ce kan gaba wajen samar da shi. Na uku, wanda shi ne ginshiƙin gidan kuma tushen duk rigimar, shi ne abin da zan kira gansakukar oak.

Ta bambanta da gansakukar bakin rijiya da muka sani. Wata halitta ce mai kama da busasshen gemu, launinta tsakanin toka da kore, tana fitowa a jikin rassan itacen oak da wasu itatuwa na ƙasashe masu sanyi. Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne tsakanin wata irin funfuna da wani tsiro ɗan mitsitsi, kuma sunanta na kimiyya Evernia prunastri. Da hannu ake tsinto ta a dazuzzukan yankin Balkan, a kai masana'anta a tace, a fitar da wani abu mai kauri, kore mai duhu. Ƙamshinsa ya haɗa na jiƙaƙƙiyar ƙasa bayan ruwan farko, da ɗacin ɓawon itace, da wani abu mai kama da tawada. Bayan ƙamshi, yana kuma riƙe sauran kayan haɗi don kada su yi saurin tashi.

Idan mai karatu yana son misali na kusa, ya ɗauki daddawa a miyar kuka. Ba wanda ke cin daddawa ita kaɗai don marmari, kuma idan miya ta yi daɗi ba ita ake yaba wa ba. Amma ranar da aka manta da ita, kowa a gidan zai san wani abu ya ɓace. Haka gansakukar oak take a shifar. Ita ke ba shi ɗacin nan da nutsuwar da suka raba shi da turaruka masu zaƙi kamar alewa.

Waɗanda suka zauna mini a rai

Wanda na sa a gaba shi ne Mitsouko, wanda Jacques Guerlain ya haɗa a 1919, shekara biyu bayan na Coty. Ya ɗauki tsarin shifar ya ƙara masa wani sinadarin ɗakin gwaji mai ƙamshin nunannen ɗan itace, sai zaƙi kaɗan ya haɗu da ɗacin gansakuka, kowanne ya rage wa ɗan'uwansa kaifi. Turare ne marar hayaniya, ba ya riga mai shi shiga ɗaki, kuma ba a gane shi a shaƙa ɗaya. Ko da yake don mata aka yi shi, maza da yawa suna shafawa, ni ma ina cikinsu.

Sai Pour Monsieur na gidan Chanel, aikin Henri Robert a 1955: lemo mai tsabta a sama, ɗan yaji a tsakiya, gansakuka a ƙasa. Ban san turaren da ya fi shi dacewa da farar shadda da sanyin safiya ba. Sai Aramis, wanda Bernard Chant ya haɗa a tsakiyar shekarun 1960, kuma da yawa daga cikinmu a jikin iyayenmu ma'aikata muka fara jin sa. Shi daga reshen shifar mai ƙamshin fata yake, kamar ka wuce ta rumfar dukawa, ga kuma ɗacin wani ganye ɗan'uwan tazargade. Chant ɗin nan shi ne ya haɗa Cabochard a 1959 da Aromatics Elixir a 1971, kuma duk mai hanci zai ji cewa 'yan ɗaki ɗaya ne.

Na ƙarshe guda biyu ne da suka fito a shekara ɗaya, 1944, Faransa tana cikin ƙuncin yaƙi. Ɗaya shi ne Bandit na Robert Piguet, wanda wata mace, Germaine Cellier, ta haɗa a lokacin da sana'ar ke hannun maza, mai kaifi kamar an murje ɗanyen ganye a kan sabon sirdi. Ɗayan kuma Femme na gidan Rochas, aikin Edmond Roudnitska, mai taushi da ƙamshin busassun 'ya'yan itace. Duk bambancin da ke tsakanin waɗannan turaruka, a kan gansakuka ɗaya suka tsaya.

Me ya jawo doka?

Likitocin fata ne suka fara ɗaga murya. Akwai wani nau'in borin jini da ke kama fata idan ta daɗe tana haɗuwa da wani sinadari. Da farko ba a ganin komai. A hankali garkuwar jiki takan ɗauki sinadarin a matsayin abokin gaba, daga ranar kuwa ko ɗigo ya taɓa fatar sai ta kumbura, ta yi ƙaiƙayi da ƙuraje, wani lokaci har ta tsattsage. Idan jiki ya riga ya koyi wannan gaba, galibi ba ya mantawa har abada. Tun ƙarshen shekarun 1970 likitoci ke amfani da wani haɗi na kayan ƙamshi takwas da suke mannawa a bayan majiyyaci don gwaji, kuma gansakukar oak tana cikin takwas ɗin. Daga baya bincike ya gano cewa a cikin ɗimbin sinadaran da ke jikinta, biyu ne manyan masu laifi, wato atranol da chloroatranol. Na biyun yana cikin mafiya ƙarfin masu tayar da bori da aka sani a kayan shafa, ɗan mitsitsinsa ya isa. A nan akwai darasi ga masu ɗaukan cewa duk abin da ya fito daga daji lafiya ne, na ɗakin gwaji kuwa guba: abin da ya cutar da fatar mutane a wannan labari daga jikin bishiya aka tsinto shi.

Hukumomi biyu ne ke da ta-cewa. Ta farko ita ce IFRA, ƙungiyar masu sana'ar ƙamshi ta duniya, wadda aka kafa a 1973 a birnin Janiba na Suwizalan. Ba gwamnati ba ce, a kan 'ya'yanta ƙa'idojinta suke aiki. Sai dai 'ya'yan nata su ne manyan kamfanonin da ke haɗa ƙamshin yawancin turaruka da sabulai na duniya, irin su Givaudan da IFF da Symrise. Ita ce ta taƙaita gansakukar oak zuwa kashi 0.1 cikin 100 na turaren da aka gama haɗawa, wato ɗaya cikin dubu, sannan a 2008 ta ƙara sharaɗin cewa kowanne daga sinadaran nan biyu kada ya kai kashi 100 cikin miliyan na gansakukar da za a zuba. Tsofaffin gwanaye kuwa da sakakken hannu suke zuba ta.

Ta biyu ita ce Tarayyar Turai, wadda tata doka ce mai hukunci. A 2003 ta wajabta rubuta sunayen kayan ƙamshi 26 a jikin kwali idan adadinsu ya wuce kashi 0.001 cikin 100 a abin da ke zama a fata, ko 0.01 a abin da ake wankewa. A 2012 kwamitinta na masana kimiyya ya fitar da rahoton da ya tayar da hankalin gidajen turare na Faris, a daidai lokacin da ake ƙiyasta cewa kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na mutanen Turai suna fama da irin wannan bori. A 2017 aka haramta atranol da chloroatranol, tare da wani sinadari mai ƙamshin fure da aka fi sani da Lyral. Daga 23 ga Agusta, 2019 aka hana shigar da sabon kaya mai ɗauke da su kasuwa, daga 23 ga Agusta, 2021 kuma aka hana sayar da ragowar. A 2023 aka ƙara wasu 56 a jerin waɗanda dole a rubuta sunansu. Sai a lura, ita kanta gansakukar ba a haramta ta ba. An dai ce a tace ta, a kuma rage hannu.

Bagamot ma bai tsira ba. Man da ake matsewa daga ɓawonsa yana ɗauke da wani sinadari, bergapten, wanda idan ya haɗu da hasken rana a kan fata yakan ƙona ta ya bar baƙin tabo mai daɗewa, sau da yawa a wuya, daidai inda turaren ya gangara. Shi ya sa yau galibi wanda aka cire wa wannan sinadari ake amfani da shi. Ke nan an taɓa shifar a ka, an kuma taɓa shi a tushe.

Hujjar kowane ɓangare

Masu adawa da dokokin suna da magana mai shiga hankali. Sun ce gyaɗa tana iya kashe mai borinta cikin ɗan lokaci, amma ba a hana sayar da ita ba, an dai ce a rubuta gargaɗi a jikin kwali. Don me za a rushe aikin fasaha na shekara ɗari saboda ƙaiƙayin da ke damun mutum biyu ko uku cikin ɗari? A rubuta gargaɗi, wanda ya ga zai iya ya shafa.

Na daɗe ina juya wannan hujja, kuma ina ganin tana da rami. Gargaɗi yana amfanar wanda ya riga ya san yana da matsala. Shi kuwa borin fata shafawar ce ke haifar da shi, lafiyayyen mutum ne zai yi ta shafawa har ranar da jikinsa zai juya masa baya. Kuma ba daga kwalba ɗaya yake samun sinadarin ba, yana iya kasancewa cikin sabulu, da man shafawa, da abin fesa hammata, da na bayan aski, duk a fata ɗaya a rana ɗaya. Kashi 1 zuwa 3 ƙaramin adadi ne a takarda, amma a tarayyar da ke da mutum kimanin miliyan 450, maganar miliyoyin mutane ake yi. Rigakafi ya fi magani, balle ga ciwon da ba ya rabuwa da mai shi. Don haka, duk da son da nake yi wa tsohon ƙamshin, ba zan iya cewa daɗin hancina ya fi lafiyar fatar wani ba.

Amma yarda da hujjar doka ba ta share asarar ba. Na taɓa samun damar gwada tsohuwar kwalbar wani shifar tare da sabuwarsa, ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu. A mintocin farko sabon ya fi armashi, domin shekaru sun cinye lemon da ke saman tsohon. Bayan sa'a uku ne gaskiya ta fito: tsohon yana ta ƙara zurfi, sabon kuwa ya tsinke kamar miyar da aka ƙara wa ruwa don ta ishi baƙi.

Yadda kamfanoni suka yi

Hanyoyi uku suka bi. Wasu sun koma ga kwaikwayo, musamman wani sinadari da ake sayarwa da sunan Evernyl, wanda shi ma ɗaya ne daga sinadaran da ke cikin gansakukar ta asali. Yana ba da kamannin ƙamshin, amma ƙwaya ɗaya ba ta maye gurbin gommai masu aiki tare. Dunƙulen magi ne a wurin daddawa. Wasu sun kashe kuɗi wajen tace gansakukar, a cire sinadaran biyu a bar saura, sannan a cike giɓin da dabara. Gidan Guerlain ya bi wannan hanya da Mitsouko bayan Thierry Wasser ya karɓi ragamar haɗa turarensu a 2008, kuma masana ƙamshi da dama sun yaba da sakamakon. Wasu kuma sun ce tunda kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, suka gina sabon shifar da bai dogara da gansakuka ba. Misalinsa 31 Rue Cambon na Chanel, wanda Jacques Polge ya fitar a 2007. Wannan hanya ta uku ta fi kwanta mini a rai, saboda sabon abu ne da ya zo da sabon sunansa.

Sai dai ba kowane sauyi ne doka ta jawo ba. Kayan haɗi na asali suna da tsada, farashinsu kuma yana hawa da sauka gwargwadon kyan girbi. Sha'awar masu saye ma ta sauya, domin tun da Angel na Thierry Mugler ya fito a 1992 kasuwa ta karkata ga turare mai zaƙi. Femme tun 1989 aka sake haɗa shi, kafin dokokin Tarayyar Turai da na ambata. Miss Dior na 1947 shifar ne mai ɗaci, amma turaren da ke ɗauke da wannan suna a kantuna yau wani ne daban, wanda ya samo asali daga Miss Dior Chérie na 2005. Shi na ainihin an ƙara masa kalmar Originale don a bambanta. Ko ba komai, an bar wa mai nema alama. A mafi yawan lokuta ko wannan ba a yi. Sirrin haɗi na kamfani ne, doka ta yarda a dunƙule yawancin kayan ƙamshi cikin kalma ɗaya a bayan kwali, don haka mai saye ba shi da hanyar sanin ko an sauya, ko yaushe aka sauya, ko don lafiyarsa aka yi ko don riba. Doka ta zama inuwar da kowa ke fakewa a cikinta, da wanda ta tilasta wa da mai neman rage tsada.

A matsayina na malami, abin da nake nema ba baƙon abu ba ne. Idan mawallafi ya gyara littafi, yakan rubuta a bango cewa bugu na biyu ne, da shekarar da aka yi gyaran, don kada ɗalibi ya kafa hujja da shafin da babu shi. Me zai hana a rubuta shekarar haɗi a jikin kwalbar turare? Ba sai an tona asirin haɗin ba. Layi ɗaya ya isa: an sake haɗa wannan turare a shekara kaza, bisa dalili kaza. Kamfanin da ke karɓar kuɗi da sunan tarihin shekara ɗari, mafi ƙarancin haƙƙin mai saye a kansa shi ne ya gaya masa abin da ya rage daga wannan tarihi.

Shirun yana da wata illar, wato ɓacewar tarihin kansa. Zane yana rataye a gidan tarihi, waƙa tana cikin faifai, amma turare idan an sauya shi, kwalaben da suka rage a hankali suke lalacewa. Ko kotuna ba su daidaita a kan matsayinsa ba. A watan Yuni na 2006 kotun ƙolin Faransa ta yanke cewa ƙamshin turare ƙwarewar sana'a ce kawai, bai cancanci kariyar da ake ba aikin fasaha ba, a cikin watan kuma kotun ƙolin Holan ta yanke akasin haka. Abin da ya ceci wasu shi ne wata ma'ajiya mai suna Osmothèque da aka buɗe a Versailles, kusa da Faris, a 1990 ƙarƙashin jagorancin Jean Kerléo. A can ake adana turaruka, har a sake haɗa waɗanda suka ɓace bisa tsarinsu na asali don ɗalibai da masu bincike su shaƙa a takarda. Chypre na Coty, wanda ya ba dangin suna, ba ya kantuna yau, a can ake zuwa a gaishe shi.

Ina ruwanmu?

Mai karatu na iya cewa wannan rigimar Turawa ce. To, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Kamfani ba ya son haɗa turare iri biyu, ɗaya don Turai ɗaya don sauran duniya. Saboda haka kwalbar da ke kanti a Kano ko Yamai, ko wadda aka yo tsarabarta daga Dubai, idan ta asalin gidajen Turai ce, galibi dokar can ce ta tsara cikinta. Asarar ƙamshin ta iso mu ke nan, kariyar ma ta iso mu, amma ga mai sayen na kwali kaɗai.

Turaren da jama'armu da yawa ke shafawa kuwa na mai ne, wanda ake aunawa daga manyan kwalabe zuwa ƙanana. An fi son sa saboda ba shi da barasa, yana daɗewa, kuma kowa na iya sayen daidai aljihunsa. Amma ba sunan kayan haɗi a jikinsa, ba ranar haɗawa, kuma kai tsaye ake goga shi a fata. Ga rana mai zafin da Bature bai saba da irinta ba, ga fatar da tabo ke daɗewa a kanta. Zafi da haske kuma suna lalata man lemo da na furanni, sinadaran da suka lalace sun fi tayar da bori. Masu wannan sana'a da yawa mutanen kirki ne, su ma ba a gaya musu abin da ke cikin kayan da suka saro ba. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, kayan kwalliya suna cikin huruminta, kuma a ganina daga nan ya kamata a fara: mai shigo da man turare da yawa ya gabatar da takardar abin da ke ciki, takardar ta bi kayan har hannun mai aunawa.

Jami'o'inmu ma suna da aiki. Haɗin humra na matan Barno da Chadi da Sudan a ka yake, uwa ta koya wa 'ya, kuma wani ɓangare na kayansa turarukan waje ne. Idan waɗannan suka sauya a ɓoye, humrar ma ta sauya, kuma ba mu da ma'ajiyar da za a je a ji yadda take a da. Sashen kimiyyar sinadarai da na nazarin al'adu za su iya haɗa hannu, da yardar masu sana'ar, a rubuta haɗin, a adana samfuri, a kuma gwada lafiyarsa.

Ga mai sha'awar shifar, shawarata kaɗan ce. Ya juya kwali ya karanta, idan ya ga Evernia prunastri, to akwai gansakuka ta gaske a ciki, ko da tatacciya ce. Kada ya yanke hukunci a shaƙar farko, ya ba turaren sa'a uku a fatarsa kafin ya biya. Wanda ya samu tsohuwar kwalba ya tuna cewa ko da yake da tsohuwar zuma ake magani, ita wannan tana ɗauke da abin da aka hana. Gara ya fesa a tufafi kamar yadda muka saba turara kaya, ya kuma ajiye ta nesa da rana, kada ya bar ta a mota. Wanda fatarsa ta fara ƙaiƙayi a wuya ko a hannu ya dakata, ya ga likita.

Shifar dai yana nan da ransa. A wasu gidajen ya rame, a wasu ya murmure da sabuwar kama, kuma ni na karɓi Mitsouko na yau hannu biyu. Doka ta yi nata, ta kuma bayyana dalilinta a fili da kwanan wata. Saura masu sayarwa, na Faris da na kasuwanninmu, su gaya wa wanda ya ba su kuɗinsa abin da suka zuba masa a kwalba. Allah Ya sa mu dace.